Lafiyar dam daga bayansa ake gane ta

Duk wanda ya je bakin dam, ruwan yake kallo. Masunci yana kallon inda zai saka koma, manomin rani yana auna ko ruwan zai kai shi watan Afrilu, makiyayi yana neman gangaren da shanu za su sauka. Da wuya ka ga wanda ya haye bangon ya gangara ɗaya ɓangaren, wajen da babu ruwa, ya bi gindinsa a ƙafa yana duba ƙasa. Alhali a can ne dam ɗin da aka gina da ƙasa yake nuna abin da ke damunsa, sau da yawa tun watanni kafin ya fashe.

Ruwan sama a ƙasar Kano da Jigawa na wata huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, mafi yawansa kuma a Yuli da Agusta yake zuba. Kafin zuwan madatsun ruwa, kogunanmu sukan tumbatsa a marka, zuwa hunturu sai yashi, sai an tona kafin a sha. Aikin dam shi ne ya riƙe ruwan wata huɗu ya rarraba shi a wata goma sha biyu. A zamanin Gwamna Audu Bako aka kama wannan aiki gadan-gadan. Aka yi Bagauda, sannan aka gina Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, bango mai tsawon kusan kilomita shida da tsayin mita 48. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye an kammala shi a 1992, tsayinsa mita 42, yana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Kubik mita ɗaya lita dubu ke nan, wato jarka arba'in ta lita 25. Ga kuma Watari a Bagwai, Tomas a wajen Dambatta, Kafin Ciri a Garko, Warwade kusa da Dutse, da ƙanana da ba su ƙirguwa. Ruwan Tiga ne ke bi ta Ruwan Kanya ya shiga kanal ya shayar da shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure, shi da na Challawa ne kuma ke kai wa matatun ruwan birnin Kano, su wuce Wudil da Ringim har gonakin Auyo. Amfanin bai zo kyauta ba: ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru suka saba samu ta ragu, ruwan da ke gudana rani da damina kuma ya ba kacala damar toshe hanyoyin ruwa. Wannan magana ce ta wata rana. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan bangaye, manya da ƙanana, tulin ƙasa ne da aka daddanne. Ba kankare ba ne. Ƙasa kuwa tana da halinta.

Wanda bai san cikin bangon ba ba zai gane abin da yake gani a waje ba, don haka bari a fara daga nan.

A tsakiyar bangon akwai zuciya ta laka mai danƙo, ita ce ke tare ruwa. Gefe da gefe kuma ƙasa ce mai nauyi, jar ƙasa ko marmara, wadda aikinta ta riƙe zuciyar kada ta zame. Ƙarƙashin zuciyar ana haƙa rami a tsawon bangon gaba ɗaya, a ratsa yashi da tsakuwar gadon rafi har a taɓo ƙasa mai tauri ko dutse, a shiga cikinta kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, sannan a cike ramin da laka. Faɗinsa ya kai wanda rola za ta shiga, kamar mita uku. Wannan ramin ne ɗan kwangila mai son kuɗi yake fara ci, domin da an rufe ba mai ganinsa. Sakamakon shi ne dam ɗin da ke cika a Satumba ya ƙafe a Disamba, ruwan yana bi ta ƙarƙashi.

Ba kowace laka ce ta dace ba. A jiƙa ta a mulmula a tafin hannu ta zama igiya kaurin fensir. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, akwai danƙo. Gwaji na biyu ya fi muhimmanci kuma an fi mantawa da shi: a jefa busasshen ɗan curi a kofin gilashi mai ruwan sama, kada a motsa. In cikin 'yan mintoci ruwan da ke kewaye da shi ya yi hazo kamar an ɗiga madara, wannan ƙasa mai narkewa ce, ruwa zai kwashe ta daga cikin bango, ba ta shiga aikin dam. Baƙar lakar fadama mai darewa da rani tana tare ruwa sosai, amma sai dai a ciki, a lulluɓe ta da wata ƙasar don kada rana ta same ta.

Ana zuba ƙasar ne shimfiɗa-shimfiɗa, kaurin kowace santimita 15 zuwa 20, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula za ta kama ba ta jiƙa maka hannu ba, sannan rola mai ƙusoshi ta bi ta sau da dama kafin a zuba ta gaba. Tura ƙasa da katafila a tara tudu a bi ta kai sau biyu ba gini ba ne. Gangaren ɓangaren ruwa akan yi shi uku bisa ɗaya, wato kowace mita ɗaya ta tsayi a ba ta mita uku na shimfiɗa, a jera masa duwatsu saboda igiyar ruwa. Na baya akan yi biyu ko biyu da rabi bisa ɗaya, a dasa masa ciyawa mai shimfiɗa irin kiri-kiri. Saman bangon kada ya gaza mita uku zuwa huɗu a faɗi. Kuma da yake sabuwar ƙasa tana zama, akan ƙara kamar kashi biyar cikin ɗari a kan tsayin, musamman daidai tsohon gadon rafi inda bangon ya fi tsayi.

Sai abubuwa uku da rayuwar dam ta rataya a kansu. Na farko mazubar rara, wadda ma'aikata ke ce wa sifilwe: hanyar da aka yanka a gefe, a kan ƙasar asali ba a kan bangon ba, wadda bakinta ya fi saman bangon ƙasa da mita ɗaya da rabi ko fiye, domin in dam ya cika rarar ta bi ta nan. Na biyu bututun fitar da ruwa da ke ratsa bangon ta ƙasa, da ƙofarsa. Na uku matatar gindi a bayan bango: shimfiɗar yashi, a kanta tsakuwa, a kanta duwatsu.

Matatar nan ita ce mutane ba su gane amfaninta, har sukan kwashe duwatsunta su yi harsashin gini. Babu dam ɗin ƙasa da ruwa ba ya ratsawa. Kome kyawun aikin, ruwa yana tsattsafawa ta cikin bangon sannu a hankali yana neman fita ta baya. Injiniya ba hana shi yake yi ba, hanya yake zaɓa masa. Matatar tana jawo shi ƙasa, ta bar ruwan ya fita, yashin kuma ya tare ƙasar bangon kada ta biyo shi. Don haka ganin ruwa a gindin dam ba shi ne abin tsoro ba. Tambayoyin su ne: daga ina yake fita, nawa ne, kuma garau yake ko da laka.

Hanyoyi biyu ne suka fi kashe dam ɗin ƙasa, kusan duk fashewar da aka sani ɗayansu ce. Ko ruwa ya haye ta sama, ko ya ci bangon ta ciki.

Hayewa ta sama ita ce mai sauri. Bangon kankare zai iya jure ruwa ya bi ta kansa, na ƙasa ba ya iyawa. Ruwan da bai wuce idon sawu ba in ya fara gangarowa ta baya, zai yanka kwari, kwarin ya ci baya-baya har ya iso saman bangon, daga nan sa'a ɗaya ko biyu ta isa. Bagauda ya fashe a watan Agusta 1988 bayan ruwa mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A Gusau a ƙarshen Satumba 2006, rahotannin lokacin sun ce ƙofofin ruwa ne suka ƙi buɗuwa har ruwan ya fi ƙarfin madatsar. Na Alau kuwa da ya shanye Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 bai yi nisan da za a manta ba. Duk bayan damina ta yi nisa, lokacin da dam ya riga ya cika, ƙasa ta ƙoshi, ruwan da ya sauka duk gangarowa yake.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗauki ƙaramin dam mai faɗin hekta 20, wanda ke karɓar ruwan yanki mai murabba'in kilomita goma. Ruwan milimita 100 ya sauka a dare ɗaya, abin da kan faru a marka. Kubik mita miliyan ɗaya ke nan ya zuba a yankin. In kashi arba'in cikin ɗari ya gangaro, dam ya karɓi dubu 400. Raba shi a kan hekta 20, ruwan zai tashi mita biyu in babu mafita. Mazubar rara mai faɗin mita 20, in ruwa ya bi ta kanta da zurfin mita ɗaya, tana fitar da kusan kubik mita 34 a daƙiƙa. To, a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa a ƙauyukanmu. Manoman rani su ga ruwa yana zubewa a banza a Satumba, su haɗa kuɗi su jera buhunan ƙasa ko su ɗora bulo kamu ɗaya, wato kamar rabin mita, a bakin mazubar don a ƙara ajiya. Niyyar mai kyau ce. Amma zurfin da ya rage wa rarar ya koma rabin mita, abin da mazubar za ta iya fitarwa kuma bai koma rabi ba, ya koma kusan kubik mita 12, sulusi ke nan. Sauran ruwan kuwa, saman bango zai nema. Ban da haka, ƙarin rabin mitar nan yana danna bangon a tsayin da ba a gina shi don ya jiƙe ba, inda tsagar rani da ramukan ɓeraye suka fi yawa. Manyan injiniyoyi ma akasin haka suke yi in suna shakka: a Tiga, a 1992, rage tsayin mazubar aka yi, aka haƙura da wani kaso na ajiyar saboda lafiyar bangon.

Abin da buhu ke yi, shi kacala da kainuwa da itatuwan da ambaliya ta kwaso ke yi. Haka shingen kamun kifi da ake kafawa a bakin mazuba, haka gonar rake ko masara da wani ya yi a cikin hanyar rarar don ya ga danshi. Kafin ruwan farko, a watan Mayu, dole a share mazuba tun daga bakinta har inda ta koma rafi. A duba ƙarshenta kuma, domin can zaizaya ke farawa ta riƙa ciyowa baya. In kwarin ya kusa bakin mazubar, a cike shi da duwatsu a cikin ragar waya tun da rani.

Sai a auna saman bangon. Ido ba ya ganin lotsawar santimita 30 a bango mai tsawon mita 400, amma ruwa yana ganinta. Inda babu na'urar safiyo, tiyon roba mai haske da magina ke amfani da shi ya isa: a kafa turaku kowace mita 20, a bi su ɗaya bayan ɗaya a rubuta. Wajen da ya fi lotsawa yawanci ko tsakiyar bango ne, ko inda shanu da babura suka mayar hanya.

Cin ciki ya fi wuyar ganewa, shi ya sa na fi jin tsoronsa. Ruwa ya samu wata 'yar hanya, ta tsaga ko ramin dabba ko ruɓaɓɓen saiwa ko gefen bututu, ya fara ɗaukar ƙasa ƙwaya-ƙwaya daga bakin fita. Ramin yana ci baya-baya zuwa wajen ruwa, yana faɗi, ruwan yana ƙaruwa, har ranar da rufinsa zai rufta. Dam ɗin Teton a Amurka haka ya tafi a watan Yuni 1976, a cikarsa ta farko, da safe aka ga yoyo, kafin azahar bango ya tafi. Shi ya sa sabon dam, ko wanda aka yi wa babban gyara, ko wanda ya shekara biyu bai cika ba, ake sa masa ido kullum a lokacin da ruwa ke hawa.

Kayan aikin mai duba dam ba su da tsada: littafi, biro, jarka, agogon waya, kwalba mai haske, tef, sanda, da tocila. A cikin ruwa a kafa ma'auni mai lamba, ƙarfe ko turken kankare da aka zana wa santimita, a inda za a karanta daga tudu. Kowane zuwa, lambar ma'auni ake fara rubutawa, domin duk sauran abin da za a gani da ita ake gwada shi.

Tafiyar kashi uku ce. A bi saman bango ana neman tsaga da lotsawa. A dawo ta gangaren ruwa ana duba ko duwatsu sun zame, ko igiyar ruwa ta yanka matakala a jikin ƙasa, ko akwai wani rami da ya burma. Sannan a sauka baya a bi gangaren a karkace, hawa da sauka, a ƙare da gindin bangon da fili mai kamar mita 50 a gabansa. A tsaya sosai a wurare uku: inda bango ya haɗu da tudu dama da hagu, bakin bututu, da tsohon gadon rafi.

Da rani ciyawa ce ke tona asiri. A watan Maris kome ya bushe, in ka ga wani fili kore shar a jikin gangaren baya, ko jema da kacala sun tsiro a tsakiyar bango, ruwa na fita a wurin. Taka ka ji. In ƙasar na lotsawa kamar katifa, matsalar ta girma. Danshi a gindi, ta cikin matata, daidai ne. Danshi a sama da gindi, a jikin gangaren, yana nufin matatar ta toshe ko babu ita, kuma gangaren na iya zamewa.

Duk inda ruwa ke fita, a tattara shi ta ɗan guntun bututu a tara jarka. In jarkar lita 25 ta cika a daƙiƙa 100, a rubuta. Mako mai zuwa in ta cika a daƙiƙa 50 alhali ma'auni bai motsa ba kuma ba a yi ruwa ba, yoyon ya ninka ba dalili, hanya ce ke faɗi a ciki. Yoyon da ke ƙaruwa in dam ya hau, ya ragu in ya sauka, wannan halinsa ne. Abin mamaki, yoyon da ya tsaya farat ɗaya shi ma ba albishir ba ne, wataƙila matata ce ta toshe ruwan yana taruwa a cikin bango. Sannan a ɗebi ruwan a kwalba a ajiye awa ɗaya. In laka ta kwanta a gindin kwalbar, bangon ne ke fitowa. Wannan ba maganar a jira taron wata ba ce, a ranar ake kiran injiniya.

Wani lokaci ba a jikin bango ruwan ke ɓullowa ba, a fili ne can gaba, yana tafasa kamar tukunya, yana tara ɗan tudun yashi kewaye da bakinsa. Kada a toshe shi da laka ko siminti. In ka toshe, zai fasa wani wuri da ƙarfin da ya fi na da. A kewaye shi da buhunan yashi kamar rijiya, faɗin mita biyu, a riƙa ɗagawa har ruwan da ya taru a ciki ya danne ƙarfin mai ɓullowa, ya ci gaba da fita amma garau. Ko a shimfiɗa masa yashi, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu. A lokaci guda a buɗe bututu a rage ruwan dam.

Tsaga iri uku ce. Ƙananan tsage-tsage kamar na busasshen tafki na rana ne, a cike su da ƙasa kafin damina. Tsagar da ta bi tsawon bango, musamman in gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka, alamar gangare na shirin zamewa ce, a duba gindi ko ya kumburo. Tsagar da ta ratsa bango daga wajen ruwa zuwa baya ita ce mafi sharri ko da siririya ce, domin hanya ce a buɗe tana jiran ruwa ya iso. A kafa turaku biyu gefe da gefe a riƙa auna tsakaninsu da tef, a zura sanda a ji zurfinta, a rufe ta da leda kada ruwan sama ya shiga. Gyaranta shi ne a haƙa har ƙarshenta a mayar da laka shimfiɗa-shimfiɗa, ba a watsa ƙasa a kai ba.

Bishiya a jikin dam abin sha'awa ce ga mai neman inuwa, amma ba wurinta ba ne. Darbejiya da bagaruwa da turare suna kai saiwa wajen ruwa ta cikin bango. Muddin bishiyar na raye saiwar ta cike ramin, ranar da ta mutu ko aka sare ta saiwar ta ruɓe ta bar bututu. Iska kuma in ta tumɓuke ta, da gutsuren bango take tafiya. Ƙananan tsiro a cire su duk shekara. Wadda ta yi kauri, sare ta a bar kututture ya fi barinta haɗari: sai ruwa ya ja baya, a tono saiwar, a cike da laka a daddanne. A bar aƙalla mita goma daga gindi ba bishiya. Suri ma haka. Abin da ke sama kaɗan ne, gidan gara na ciki, sai an tona an kai ga uwar an sa magani an cike. Gafiya da guza suna haƙa rami mai zurfi, doguwar ciyawa kuma ita ke ɓoye su, shi ya sa ake yanke ciyawar bango gajere, ba a ƙone ta ba, ba a kuma bar dabbobi su cinye ta ƙurmus ba.

Sauran ɓarnar ta hannun mutum ce. Masu bulo da masu tifa suna ɗiban ƙasa a gindin bango saboda ta fi laushi, alhali nauyin wannan ƙasar ne ke riƙe gangaren. Masu injin ban ruwa suna yanka ɗan rami a saman bango su binne tiyo don kada babur ya taka. Tiyo ya bi ta sama a fili, ba a binne shi. Shanu a keɓe musu mashaya nesa da bango, a zuba mata tsakuwa, ko a ja musu ruwa zuwa kwami a baya. Noma har bakin ruwa kuma shi ke cika dam da yashi. A bar zirin ciyawa, jema ko gamba, tsakanin gona da ruwa. Don sanin yawan cikowar, a shiga kwalekwale da gora mai alama a watan Afrilu, a auna zurfi a wurare guda kowace shekara. Zurfi ne jarin dam a ƙasar nan, domin rana da iska kaɗai suna shan kusan mita biyu a shekara. Dam ɗin da zurfinsa ya koma mita uku ya zama na 'yan watanni.

Ƙofar bututu a buɗe ta gaba ɗaya a rufe sau biyu a shekara, a shafa mata giris. Wadda ta shekara biyar ba a taɓa ba, ranar buƙata ba za ta motsa ba. In ruwa na fita ta gefen bututun ba ta cikinsa ba, wannan cin ciki ne. Kuma in za a rage ruwa ba cikin gaggawa ba, kada a wuce santimita 15 zuwa 30 a rana, domin gangaren da ya sha ruwa in aka janye masa ruwan da ke tallafe shi da sauri, zamewa yake yi zuwa ciki.

Wa ke da alhakin duk wannan? Tiga da Challawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, suna da ma'aikata da bututun auna ruwan cikin bango. Matsakaita da yawa na jiha ne, a Kano hukumar ayyukan ruwa ta jihar, wato WRECA, ita ce ta gina da dama daga cikinsu. Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan, waɗanda aka yi a matsayin aikin mazaɓa ko na wani shiri da ya ƙare. An yanka kyalle, an tafi, ba zane, ba littafi, ba wanda aka ce nasa ne. A ganina irin wannan dam ya fi babba haɗari ga ƙauyen da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya dace shi ne dagaci ya zauna da sarkin ruwa da shugaban manoman rani da ardo, a naɗa mutum biyu da sunansu, a yanka musu ɗan abin hasafi daga kuɗin da masu injin ke biya. Su zagaya sau ɗaya a mako da rani, kullum daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, da kuma bayan kowane babban ruwa ko da dare ne. Injiniya daga ƙaramar hukuma ko ma'aikatar ruwa ya zo sau biyu, a Afrilu ko Mayu don a samu lokacin gyara, da Oktoba lokacin da dam ke cike. A rubuta masa takarda a ajiye kwafi, baki ba ya zama shaida. Hasashen damina na hukumar yanayi ta ƙasa (NiMet) da na ambaliya na hukumar lura da ruwan koguna ta ƙasa (NIHSA) suna fitowa tun kafin ruwa ya sauka, ana kuma karanta su a rediyo.

Mutanen ƙasa da dam sukan ce an sako musu ruwa. Wani lokaci haka ne, amma yawancin madatsun ƙasa mazubarsu ba ta da ƙofa, in sun cika da kansu suke zubarwa. Abin da ke hannun masu kula shi ne sanarwa. A shafa fenti a jikin ma'auni: alama ta farko inda ruwa ke fara bin mazuba, a sanar da masu unguwannin ƙasa. Ta biyu rabin mita kafin saman bango, a fara kwashe tsofaffi da yara da dabbobi. Alamomin da ba a jiran kowa a kansu su ne ruwa mai laka da ke ƙaruwa a kan ido, ruwan dam yana juyawa kamar mazurari kusa da bango, rami ya burma a sama, ko ruwa ya fara hayewa. Lambobin wayar masu unguwanni da na hukumar agajin gaggawa ta jiha su kasance a shafin farko na littafin, a kuma san masallacin da za a yi shela da lasifikarsa in babu sabis. Kowace unguwa ta san tudun da za ta nufa tun da rani. A fita ta gefe, a hau tudu, kada a bi kwarin rafi ko hanyar da ta ratsa gada, kuma kada kowa ya hau bangon kallo.